Ƙullin Gwagwalada

Ranar Juma'a ta biyu bayan babbar salla, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, muka tashi daga ƙofar gidanmu a Gusau mu huɗu: ni, da maiɗakina, da 'yarmu ta fari mai shekara tara, da ƙanwarta wadda ba ta cika uku ba. Abuja muka nufa. Hutun kwana huɗu na samu a wurin aiki, biyu na hanya, biyu na gari. Dalilin tafiyar ɗaya ne. Na yi wa babbar alkawarin zan kai ta ta hau wani lilo da ta gani a wayar uwarta, mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutum sama da rufin gidaje ya sauko da shi. Sau biyu ina sa rana ina ɗagawa. A karo na biyu ba ta yi kuka ba, ta dai ce to, kuma wannan to ɗin ya fi kukan damuna.

But ɗin motar da ƙyar ya rufu, alhali kayanmu jaka biyu ne kacal. Sauran duk sallahu ne, kuma bakina ne ya jawo shi.

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo. Kalmar yawon buɗe ido ta bi ta bakina ba adadi, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar Larabar da na je Bungudu yi wa mahaifiyata sallama. Na zauna a kan tabarma, Inna tana tsince wake a faifai, ta tambaye ni me za mu yi a Habuja, don haka take kiran garin. Na buɗe baki, na ji kalmar ta tsaya. A wurin Inna yawo na akuya ne da na mutumin da ba shi da abin yi. Magidanci mai 'ya'ya biyu ba ya ɗaukar iyalinsa ya bi wannan hanya a wannan zamani don yawo, ko da an ɗaura masa buɗe ido a wutsiya. Sai na ce ziyara.

Ta ajiye faifan. "Madalla," in ji ta. "Ashe dai ka soma hankali."

Kafin la'asar ta haɗa ƙulli biyar. Akwai gero, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da soyayyen naman salla a cikin roba. Inna ba ta rubutun boko, saboda haka kowane ƙulli ta ɗaura masa tsumma mai launinsa, ta sa na maimaita mata har sau biyu: ja na Suleja, baƙi na Dei-Dei, fari na Nyanya, mai ɗigo-ɗigo na Mararaba. Na ce mata waɗannan wurare ba kusa suke da juna ba. Ta dube ni ta ce ba duk Habuja ba ce?

Na biyar ɗin ba ta haɗa shi da sauran ba. A koren ɗankwalinta ta ƙulle shi, hoce ne, irin wainar dawa, da ta gasa da kanta, da kwalbar man shanu. Na aminiyarta ne ta tun ƙuruciya, wadda muke kira Gwaggo. Shekara huɗu ke nan da ɗan Gwaggo ya ɗauke ta daga ƙauyensu na bayan Nahuce, lokacin da zama ya gagara, ya kai ta wurinsa a Gwagwalada. Tun daga nan ba su ga juna ba.

"Wanga hannu da hannu za ka ba ta," in ji Inna. "Ka zamna ka dube ta da idonka. In na kira ta ga waya lahiya lau takan ce min, ni ma haka nikan ce mata. Ka dubo min ko ta rame, ko tana tashi da kanta, ka zo ka hwaɗa min."

Na ce in sha Allahu, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

A Tsafe muka tsaya gaida surukina, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Labarin ziyara ya riga mu isa, don Inna ta kira matarsa tun ranar Alhamis. Ƙulli biyu suna jiranmu a zaure, ɗaya na ɗansa da za mu sauka a gidansa a Kubwa, ɗaya na wata ɗiyar ƙanwarsa da ke aure a unguwar. Ya zagaya motar yana dariya, ya ce ta yi zaune kamar tunkiya mai ciki, in mun isa Zariya da ita sai a yi mata barka. Da ya gama barkwancin ya matso kusa da tagata ya rage murya. Ya ce ranar dawowa ko me muke ciki mu tabbata mun wuce 'Yankara kafin la'asar, saboda 'yan bindiga. Na san haka, kowa ya sani, amma ana faɗa wa duk mai tafiya kamar yadda ake ce masa Allah ya kiyaye.

Tsakanin Tsafe da Funtuwa dajin 'Yankara yake. Na kashe rediyo, na bi bayan wata motar haya, in ta taka in taka. Maiɗakina tana motsa leɓe tana addu'a. Sai da muka ga rumfunan Funtuwa ta buɗe robar ƙosai ta miƙa wa yara. Muka yi Juma'a a Zariya. Daga nan sai aikin hanya, a karkatar da mu hannun dama, a dawo da mu hagu, manyan motoci a gaba da baya. Rana ta bugi but, warin daddawa ya cika motar har ƙaramar ta fara amai. Awa takwas muka yi a kan taya daga Tsafe zuwa Zuba, ban da tsayawar salla. Dutsen Zuma ya bayyana dab da magariba, muka tashi babbar daga barci don ta gani. Ta dube shi, ta tambaya ko lilon yana bayansa. Na ce sai gobe.

A Kubwa, bayan mun ci abinci, na ɗauki takarda na tsara ranar Asabar yadda muke tsara shiri a wurin aiki, kowane abu da mintinsa. Gida shida ne suka rage. Na ba kowane gida minti ashirin, na ƙara lokacin hanya, lissafi ya nuna ƙarfe uku muna wurin wasa. Ƙanin maiɗakina ya karɓi takardar ya karanta, ya miƙa wa yayarsa, suka yi dariya tare. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin an miƙa sallahu daga bakin ƙofa.

Ban taɓa gani ba, na dai manta. Gidan farko a cikin Kubwa yake, tafiyar minti biyar, amma awa biyu muka yi. Aka kawo ruwa, aka kawo kunu, aka ce maigidan ya fita amma yanzu zai dawo, kuma ba zai ji daɗi ba in ya tarar mun tafi. Da ya dawo aka sake gaisuwa daga farko. A Suleja kwatancen da Inna ta ba ni shi ne bayan masallaci, kusa da mai gawayi. Masallaci huɗu muka zagaya. A Dei-Dei mun tarar ana suna a maƙwabta, aka ja maiɗakina ciki, ni kuma aka zaunar da ni a benci da mutanenmu masu sayar da katako.

Ba zan ce zaman banza ba ne. Kowane gida tambayoyin iri ɗaya ne, kuma ba don cika baki ake yin su ba. Wa ya rasu, wa ya haihu, ruwa ya sauka sosai, an samu shiga gonakin nesa bana, hanyar ƙauye kaza tana biyuwa. Wata tsohuwa a Suleja ta kwance ƙullinta, ta ɗauki daddawa ɗaya ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba. Ina amsa tambayoyin ina satar kallon agogo, ina jin kunyar satar kallon.

Garin kuwa ta taga muka gan shi. Mun ga kubbar babban masallaci daga kan wata gada, mun ga dogayen gine-gine masu gilashi, mun ga tituna masu faɗi da ba akuya ko ɗaya. Ina tuƙi ina cewa ku duba can, kafin su juya mun wuce. Da yamma, a hanyar komawa, ƙanin maiɗakina da ya raka mu ya ce in bi ta wani titi don mu guje wa cunkoso, sai ga mu a jikin katangar wurin wasan. Saman lilon ya leƙo ta kan katanga yana juyawa a hankali. Ƙarfe shida saura minti goma, kuma shida suke rufewa. Babbar ta manna goshinta a gilashi har muka sha kwana. Na ce gobe. Ta ce to.

Ranar Lahadi saura ƙulli uku. Na ce mu fara da na gabas, Nyanya da Mararaba, mu gama kafin sha biyu, mu ratsa gari zuwa Gwagwalada, mu dawo wurin wasa da la'asar. A Nyanya mun yi sa'a, awa ɗaya da rabi. A Mararaba kuwa sai da muka zauna aka gama gaisuwa na ji kukan kaza a bayan ɗaki. Ɗan wan mahaifina ne mai gidan, ya girme ni, ɗaki biyu yake haya da iyalinsa, kuma kazar ita kaɗai ce a gidan. Ba a tashi a bar irin wannan kaza. Aka fige ta, aka ɗora, aka aika sayen shinkafa. Muka yi azahar, muka ci, aka ɗauki hoto. Da muka shiga mota ƙarfe uku ta wuce da 'yan mintuna.

Na kunna mota ban ja ba. Daga Mararaba zuwa Gwagwalada sai an ratsa Abuja gaba ɗaya an fita ta ɗaya gefen, awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Gwaggo kuma ba wadda za a gaisa da ita a tsaye ba ce, zama aka aiko ni in yi. In mun je, wurin wasa ya fita. In mun je wurin wasa, Gwagwalada sai dai da safe, kuma safiyar Litinin ta hanya ce. Na san duk wannan kafin in sa makulli, na dai zauna ina sake lissafin ko zai canza.

Maiɗakina ta gyara wa ƙaramar kwanciya a cinyarta. "Malam, kai ka ce ziyara, ba ni ba," in ji ta. "Duk inda ka juya sitiyari ba zan ce komai ba. Amma ka juya, zafi ake yi."

Na duba madubi. Babbar tana zaune da takalmanta na salla, waɗanda ta sa jiya ta sake sawa yau, kuma a kowane gida sai ta goge su da gefen hijabinta kafin ta shiga mota. Ba ta dube ni ba. Ba ta kuma tambaya ba, tun safe ba ta ambaci lilo ba ko sau ɗaya. Na lura ta daina tambaya, kuma na san shekara tara ta yi kaɗan a ce yarinya ta koyi hakan a kan ubanta.

Na ja mota muka nufi cikin gari. Na gaya wa kaina wataƙila da safe a samu hali.

Mun isa huɗu da kwata. Aka yi layi, aka ɗaura wa kowa wata takarda mai launin ruwan lemo a wuyan hannu. Ciki ƙarar janareto ce da kiɗa da ihun yara. Akwai dawakan roba masu zagayawa, da ƙananan motoci masu karo da juna, da wani jirgin ƙasa da ke bi ta cikin bakin kada. Ƙaramar ta ga dawakan ta fashe da kuka, uwarta ta ɗauke ta suka koma kan wani bencin siminti, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta hau komai ba. Na yi la'asar a wani lungu kusa da masu sayar da gurguru, babbar tana tsaye a kaina tana jira.

Lilon bai kai yadda yake a waya ba. Fentinsa ya fara ɓarewa, kujerun suna ƙara in an zauna. Mai kula da shi ya ce sai kujeru sun cika zai tayar, muka zauna minti goma a ƙasa muna kallon ƙafafun mutane. Sannan ya motsa.

Ban san ina tsoron sama ba sai ranar. Ita kuwa ta kama ƙarfen da hannu biyu, idonta a buɗe. Aka ga rufin gidaje, aka ga duwatsun da suka kewaye garin, aka ga titunan da muka kwana biyu muna fama da su, motoci a kansu kamar jerin tururuwa. A zagaye na uku aka tsayar da mu a can ƙoli ana sauke na ƙasa. Iska tana kaɗa kujerar.

"Baba, ina ne Gwagwalada?"

Na nuna mata wajen da rana ta karkata, ban tabbata daidai ba ne. Ta daɗe tana kallon wurin, ba komai sai duwatsu da hayaƙi.

"Inna za ta yi faɗa?"

Na ce Inna ba ta faɗa. Gaskiya na gaya mata, kuma abin da ke damuna ke nan.

Da muka sauko ta ce a hoto ya fi girma, sannan ta tambaya ko za a iya sakewa. Muka sake. Ta hau motocin karo sau ɗaya, ta sha ƙanƙara mai launi, harshenta ya yi shuɗi ta je ta nuna wa uwarta. Shida saura kwata aka fara kashe injuna ɗaya bayan ɗaya. A mota ta yi barci kafin mu hau babban titi, hannun da ke da takardar a kan ƙirjinta.

Litinin muka fito bayan asuba. But ɗin ya sake cika, don kowane gida sun ba da tsarabar Inna: sabulu, turmin atamfa, burodi, gwangwanin madara. Koren ƙullin yana gaba, a ƙarƙashin ƙafar maiɗakina. Bakwai saura kwata muka iso Zuba, inda hanya ta rabu, hagu Gwagwalada, dama Kaduna. Na rage gudu har na bayana ya yi mini ham. Shiga da zama da fitowa ba za su gaza awa uku ba, ga awa takwas a gabanmu. Za mu shiga dajin 'Yankara rana tana faɗuwa, da yara biyu a baya. Na bi dama.

Bayan mun wuce Kaduna maiɗakina ta ce akwai lambar ɗan Gwaggo, ana iya kiransa a tambaye shi yadda jikinta yake, ko ma ya turo hoto, in ya so a aika ƙullin daga baya ta motar haya. Ba ta ƙarasa ba, amma na gane inda ta nufa. Na yi tunanin abin har Zariya. Kullum a wurin aiki abin da ban gani ba nake karantawa, da muryar wanda ya tabbata, kuma da na zauna gaban Inna na ce Gwaggo ta ɗan rame amma tana tashi da kanta, da ta yarda. Na ce a bari. Mun wuce 'Yankara uku saura, muka sha ruwa a Tsafe a tsaye, muka shiga Gusau da la'asar. Na kwanta ban ci abinci ba.

Ranar Laraba bayan na tashi aiki na ɗauki babbar muka je Bungudu. Takardar tana hannunta har lokacin, ta yi laushi, in za ta yi alwala sai ta tura ta sama zuwa gwiwar hannu. Na jera wa Inna tsarabarta, na ba ta labarin gidajen ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi ƙiba, wa ya ƙara ɗa, wa ke neman canjin aiki, da kazar Mararaba. Tana ji tana sa albarka. Da na gama na ɗauko koren ƙullin na ajiye a gabanta, na ce ban samu zuwa Gwagwalada ba. Na ce lokaci ne ya ƙure, na kai yarinya wurin wasa.

Inna ta jawo ƙullin ta kwance. Hocen ya bushe ya tsattsage, man shanun ya narke ya sake daskarewa a karkace. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi ta mayar. Sannan ta dubi jikarta.

"Ƙawata, mi kika gani Habuja?"

Yarinyar ta matsa ta nuna mata takardar hannunta, ta ba ta labarin lilo, yadda yake ƙara, yadda ake ganin motoci ƙanana, da yadda Baba ya rufe ido. Inna ta tambaye ta ko ta ji tsoro, ta ce a'a. Inna ta ce madalla, ta fi ubanta. Ta ɓantari hocen ta ba ta.

Ni kuwa abin da ta ce mini kawai shi ne na gaji, mu tashi mu tafi kafin rana ta faɗi.

Mako na gaba ta gasa wani hocen, ta ƙulle a koren ɗankwalin, ta ba ƙanena. Ya bi motar haya, ya kwana ɗaya a Gwagwalada, ya dawo ya gaya mata Gwaggo da sanda take tafiya yanzu, kuma idonta ɗaya ya yi hazo. Daga lokacin zuwa yau na yi tafiya sau huɗu, biyu Kaduna, ɗaya Sakkwato, ɗaya Abuja, kuma kowace sai na je Bungudu sallama. Inna ba ta ƙara ba ni sallahu ba.